Babi na Biyar: Daga Ma'auni Zuwa Madubi

A birnin Argos na ƙasar Girka, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an yi wani gwanin ƙera mutum-mutumi mai suna Polykleitos. Ya zuba tagulla ya fitar da siffar wani saurayi riƙe da mashi, sannan ya rubuta littafi ya bayyana ƙa'idar da ya bi wajen aikin. Littafin ya ɓata, asalin tagullar ma ta ɓata. Abin da ya saura shi ne kwaikwayon da Rumawa suka sassaƙa da dutsen marmara, kuma mafi shahara a cikinsu an tono shi ne a kangon Pompeii, yanzu yana gidan tarihi na birnin Naples a Italiya. Girkawa da Rumawa sun ɗauki wannan saurayi zakaran gwajin dafi na wata siffa da suke kira summetria. Ita ce uwar kalmar da Turawan Ingila ke rubutawa symmetry, wadda za mu riƙa kira simetiri a wannan babi.

To, a dubi saurayin da kyau. Duk nauyinsa yana kan ƙafar dama, ta hagu kuwa ya ja ta baya, yatsunta kaɗai ke taɓa ƙasa. Ƙugunsa ya karkata, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, kansa ya juya gefe. Da za a tsaga shi biyu daga tsakar ka zuwa ƙasa, ɓarin dama ba zai yi kama da na hagu ba. Ɗan firamare na yau, wanda aka koya wa ninke takarda biyu ya duba ko gefunan sun hau kan juna, cewa zai yi babu simetiri a jikin wannan mutum-mutumi. Girkawa sun ce akwai ta a cike. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, ma'anar kalmar ce ta yi ƙaura, kuma ba sau ɗaya ba.

Gaɓa biyu aka haɗa aka yi ta: sun, wato tare, da metron, wato ma'auni. Wannan metron ɗin shi ne tushen mita da muke auna tsawo da ita, da mitar wutar lantarki da ke manne a bangon gida. Abubuwa biyu suna da summetria idan ma'auni guda ya auna su duka. Haka Yuklid, wanda Larabawa ke kira Iƙlidis, ya yi amfani da ita a Iskandariya wajen shekara 300 kafin Annabi Isa (AS), a farkon kashi na goma na littafinsa na lissafin siffofi, littafin da aka mayar Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid. Ga igiya biyu, ɗaya kamu 6, ɗaya kamu 9. Sanda mai kamu 3 za ta auna ta farko sau biyu, ta biyu sau uku, ba ragowa. Idan da ɗaya kamu shida da rabi ce, sai a rage sandar ta koma rabin kamu, nan ma za ta auna su. Mutum zai ɗauka kowane tsawo biyu haka suke, in dai an yi ta rage sandar za a dace. Ashe ba haka ba ne. A zana murabba'i, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Babu wata sanda, komai ƙanƙantarta, da za ta auna gefen murabba'in ta kuma auna wannan layi ba ragowa. Idan gefen 1 ne, layin 1.41421356 ne da ɗoriya, lambobin suna ta tafiya ba iyaka, ba su kuma komawa su maimaita kansu. Irin waɗannan Yuklid ya kira marasa summetria. Babu maganar dama da hagu a nan ko kaɗan.

Masu sassaƙa da likitoci suka ɗauki wannan tunani suka kai shi jikin mutum. Jalinus, babban likitan nan na ƙarni na 2 miladiyya wanda malaman ɗibbu na Musulunci suka yi ta karanta littattafansa, shi ne ya adana mana gundarin koyarwar Polykleitos. Kyau, a wannan koyarwa, yana cikin yadda yatsa ya dace da yatsa, yatsu suka dace da tafin hannu, tafi ya dace da sangalin hannu, sangalin ya dace da damtse, har kowace gaɓa ta dace da jiki duka. Lafiya kuwa ita ce zafi da sanyi da danshi da bushewa su zauna a jiki gwargwado, kada wani ya rinjayi wani. Wannan ma summetria suka kira shi.

Rumawa sun ari kalmar yadda take. Marubucinsu Pliny, wanda ya mutu a shekara ta 79 lokacin aman dutsen da ya binne Pompeii, ya faɗa da kansa cewa Latin ba ta da madadinta. Wanda ya fi kowa yaɗa ta shi ne magini Vitruvius, da ya rubuta littafi mai kashi goma kan gine-gine ya sadaukar wa Sarki Augustus. Ya ce ɗakin ibada ba zai yi kyau ba sai an auna shi yadda aka auna mutum mai cikar halitta, sannan ya kawo lissafi: fuska daga haɓa zuwa matsirar gashi kashi ɗaya ce cikin goma na tsawon mutum, kai kashi ɗaya cikin takwas, tafin ƙafa ɗaya cikin shida, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa ɗaya cikin huɗu. Idan mutum ya buɗe hannuwansa, faɗinsu daidai yake da tsayinsa. Masu haƙa rijiya a ƙasar Hausa da wannan lissafi suke aiki ba tare da sun ji sunan Vitruvius ba, domin kamu huɗu ne ke yin gaba ɗaya. Wajen 1490 Leonardo da Vinci ya zana mutumin da Vitruvius ya siffanta, tsaye cikin da'ira da murabba'i. Zanen yana birnin Venice, shi ne kuma a bayan kwandalar yuro ɗaya ta Italiya. Da kalmar ta shiga Faransanci da Ingilishi a ƙarni na 16, da wannan tsohuwar ma'ana ta shiga: dacewar gaɓoɓi da juna.

Ranar da madubi ya shigo

Magina ne suka fara karkatar da ita. A Italiya, daga baya a Faransa, sarakuna da attajirai suka so fadar da idan ka tsaya a ƙofarta, duk taga da ginshiƙin da ke damanka akwai ɗan'uwansa a hagunka. Mutanen gari suka riƙa kiran wannan simetiri, har ya zama shi ne abin da kowa ke nufi. Wanda ya fito fili ya rubuta cewa an sami sauyi shi ne Claude Perrault, likita kuma magini, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara fuskar gabas ta fadar Louvre a Paris. A 1673 ya fitar da fassarar Vitruvius cikin Faransanci, ya kuma yi bayani cewa abin da Vitruvius ke nufi da kalmar dabam, abin da Bafaranshe ke nufi da ita dabam. Bafaranshe yana nufin dama ta yi daidai da hagu. Saboda haka Perrault ya ƙi amfani da ita a inda Vitruvius ya sa ta, ya zaɓi wata kalma mai nufin gwargwado. Wannan bawan Allah bai bar nazarin jikin halittu ba har ƙarshen ransa. Ya mutu a 1688 bayan ya kamu da cuta wajen feɗe gawar raƙumi don nazari. Masanin lissafi Blaise Pascal, wanda suka yi zamani ɗaya, ya lura da wani abu mai kyau: mutum yana neman wannan daidaito ne a dama da hagu kawai, ba ya damuwa sama ta yi kama da ƙasa, domin haka fuskarsa da jikinsa suke.

Son wannan tsari bai tsaya a Turai ba. A daidai wannan ƙarni, a Agra ta Indiya, Sarki Shah Jahan ya soma ginin Taj Mahal a 1632 a kan kabarin matarsa Mumtaz Mahal. An gina masallaci a yammacin hubbaren. Don kada gabas ta zauna wayam, sai aka gina wani gini irinsa sak a can, ba don salla ba, tunda alƙiblarsa ba ta daidaita ba. Sunansa jawab, wato amsa. An sa kabarin matar a tsakiya cif. Da sarkin ya rasu a 1666 aka binne shi a gefenta, kabarinsa ya zama abin da ya fita daga layi a cikin ɗakin.

Masana lissafi sun daɗe ba su karɓi wannan sabuwar ma'ana ba. Sai a 1794, cikin guguwar juyin juya halin Faransa, Adrien-Marie Legendre ya buga littafin koyar da lissafin siffofi, ya ci karo da wata matsala da Yuklid ya tsallake. Akwai siffofi biyu masu kauri da kowane gefe nasu da kowace kusurwa daidai suke, amma ba yadda za a juya ɗaya ta zauna a mazaunin ɗayar. Takalmi ƙafa biyu ya ishe mu misali. Tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, fata ɗaya, amma na dama ba ya shiga ƙafar hagu. A kan takarda matsalar ba ta tasowa, domin ana iya yanko siffar a kifa ta. Abu mai ciki da waje ba ya kifuwa haka. Legendre ya kira irin waɗannan tagwaye masu daidaito ta hanyar simetiri, ya kuma kwatanta su da abu da hotonsa a madubi. Daga nan kalmar ta fita daga hannun masu yabon kyau ta zama abin da ake iya gwadawa a tabbatar.

Me za ka yi masa ya zauna yadda yake?

Sauyi na biyu ya fi na farko zurfi, kuma a ganina shi ne ya sa kalmar ta cancanci babi guda a littafi. Madubi hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyi da yawa. A ɗauki faifai mai zane a ajiye a gaban mutum, a ce ya rufe ido, a juya faifan, ya buɗe. Idan bai iya gane an taɓa shi ba, wannan juyi simetiri ne na faifan. Ma'anar da masana ke aiki da ita yau ke nan: duk wani abu da za ka yi wa abu, bayan ka gama ya zauna tamkar ba ka yi ba. Masanin lissafi Hermann Weyl ya shimfiɗa ta ga jama'a a wani ɗan littafi da ya fitar a 1952. Amfanin wannan ma'ana shi ne ana iya ƙidaya. Murabba'i yana da 8: juyi huɗu, har da barinsa yadda yake, da kifi huɗu. Alwatika mai gefe uku daidai tana da 6. Siffar ƙofa, mai tsawo ya fi faɗi, tana da 4. Da'ira kuwa nata ba su ƙirguwa.

Tushen wannan tunani wani yaro ne Bafaranshe, Évariste Galois, kuma ba siffofi yake nazari ba, aljabara ce. Tun wajen shekara ta 820 Alkhawarizmi ya rubuta hanyar warware lissafi mai mataki biyu. Italiyawa suka buga ta mataki uku da huɗu a 1545. Ta mataki biyar ta gagara har masanin lissafi Niels Abel ya tabbatar a 1824 cewa babu dabara guda irin waccan da za ta warware su duka. Galois ya tambayi dalili. Ya ɗauki amsoshin lissafin ya riƙa musanya musu wuri, yana duba waɗanne musanye-musanye ne ba sa ɓata dangantakar da ke tsakaninsu. Ya gano cewa tarin waɗannan musanye-musanye yana da nasa tsari, kuma tsarin ne ke nuna ko lissafi zai warwaru ko ba zai warwaru ba. An harbe shi a wani fito-na-fito da bindiga, ya mutu ranar 31 ga Mayu 1832 yana da shekara 20. Sai a 1846 aka buga aikinsa. Abin takaici ne ƙwarai a ce manyan malaman Paris sun karɓi takardunsa tun yana raye, wasu suka salwanta, wata aka mayar masa da ita an ce ba a gane ba.

Almajirin zaure yana riƙe da misalin wannan a allonsa. Hatimi mai gida tara, wanda ake zuba 1 zuwa 9 a cikinsa, kowane layi ya ba da 15 a tsaye da kwance da karkace: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Duk wanda ya zauna ya gwada zai sami hanya 8 ta cika shi, ba ƙari. Idan ya duba da kyau zai ga takwas ɗin nan hatimi ɗaya ne, an juya shi ko an kifa shi, daidai da simetiri 8 na murabba'i. Mai gida goma sha shida yana da asali 880, idan aka ninka da 8 a sami 7,040. Malamin nan na Katsina, Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashnawi, wanda ya rasu a Alkahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai masu gefe mara, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau.

Da aka sami hanyar ƙidaya, sai wani abin mamaki ya fito: adon da ke maimaita kansa yana da iyaka. Zanen da ke bin layi ɗaya, irin na bakin hula ko gefen tabarma ko zayyanar da ke kewaye shafin Alƙur'ani, komai gwanintar mai yin sa, tsarin maimaicinsa ba ya wuce iri 7. Wanda ke cika fili gaba da baya, dama da hagu, irin na atamfa ko daɓen tayil, iri 17 ne. Fure da launi ba su da iyaka, amma ƙashin da aka ɗora su a kai 17 ne kacal. Wani masanin ma'adinai ɗan Rasha, Evgraf Fedorov, shi ya tabbatar da haka a 1891. A shekarar kuma, shi da Bajamushe Arthur Schoenflies suka nuna cewa hanyoyin da ƙwayoyin zarra za su iya jeruwa cikin abu mai kauri, kamar ƙwayar gishiri ko lu'ulu'u, 230 ne. Sun yi wannan lissafi ne kafin kowa ya sami hanyar leƙa cikin dutse. Sai a 1912 aka haska irin waɗannan duwatsu da hasken eksire, aka tarar da jerin yana nan yadda lissafi ya faɗa.

Magina Musulmi sun riga lissafin isa wurin da hannu. Bangayen fadar Alhamra a Garnaɗa ta Andalus, da aka ƙawata a ƙarni na 13 da na 14, suna ɗauke da da yawa daga cikin 17 ɗin nan, masana dai suna jayayya kan ko duka suna nan. Mai zanen nan ɗan Holan, M. C. Escher, ya ziyarci fadar a 1922 ya koma a 1936 yana kwafar adon, daga nan salon aikinsa ya sauya baki ɗaya.

Lissafin ya zo da wani hukunci: ado mai maimaita kansa zai iya juyuwa gida 2, 3, 4 ko 6, amma ban da 5. Saboda haka aka ɗauka babu wani ƙarfe ko dutse da zarrarsa za ta jeru gida biyar ko goma. Ranar 8 ga Afrilu 1982, Dan Shechtman, wani masani daga Isra'ila da ke aiki a hukumar ma'aunai ta Amurka, ya duba haɗin alminiyam da manganis a na'ura ya ga ɗigo goma a kewaye. Aka ce masa ya koma ya karanta littafi, har aka nemi ya bar rukunin binciken da yake ciki. Linus Pauling, mai kyautar Nobel biyu, ya yi ta ƙaryata shi har ya mutu. Shechtman ne ke da gaskiya. Akwai jeri mai tsari wanda ba ya maimaita kansa, kuma hukuncin bai hau kansa ba. An ba shi kyautar Nobel a 2011. A 2007 kuma masana biyu, Peter Lu da Paul Steinhardt, suka nuna cewa adon hubbaren Darb-i Imam a Isfahan ta Iran, ginin da aka soma a 1453, ya yi kusa ƙwarai da irin wannan jeri.

Wadda ta kai kalmar ƙololuwa mace ce, Emmy Noether, haifaffiyar Erlangen ta Jamus a 1882. Ta yi shekaru tana koyarwa a jami'ar Göttingen ba albashi, ana sanar da darasinta da sunan wani malami namiji, David Hilbert, saboda ba a yarda mace ta riƙe muƙamin ba. A 1918 ta ɗauke simetiri daga kan abubuwa ta ɗora ta kan dokokin halitta. Gwajin da aka yi yau, in aka sake shi gobe, sakamako ɗaya ne. Sauya lokaci bai sauya doka ba. Noether ta tabbatar cewa wannan kaɗai ya wajabta makamashi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sai dai ya sauya kama. Gwajin da aka yi a nan, in aka kai shi can, sakamako ɗaya ne. Wannan shi ya wajabta ƙarfin tafiyar abubuwa ba ya salwanta. Kowace simetiri tana da abin da take tsarewa. 'Yan Nazi suka kore ta a 1933 saboda Bayahudiya ce, ta rasu a Amurka a 1935. Yawancin kimiyyar fiziks ta zamani a kan wannan harsashi aka gina ta.

Inda dama ta ƙi hagu

Kada mai karatu ya ɗauka halitta kullum daidaita dama da hagu take yi. Daga waje mutum ɓari biyu ne masu kama da juna. A ciki zuciya ta karkata hagu, hanta tana dama, huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu. Kusan mutum ɗaya cikin 10,000 ake haifa da kayan cikinsa a juye, yawancinsu kuma lafiya lau suke rayuwa.

A 1848 masanin sinadarai Louis Pasteur, yana ɗan shekara 25, ya duba ƙwayoyin wani gishiri da ake samu daga tsamin inabi, ya ga iri biyu ne, kowane hoton ɗan'uwansa a madubi. Ya sa matsefata ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, na dama gefe, na hagu gefe. Da ya narkar da kowane kashi ya haska shi, ɗaya ya karkatar da haske dama, ɗaya hagu. Ashe ƙwayoyin sinadari ma suna da dama da hagu, jiki kuma yana bambance su. Tubalan da jiki ke gina nama da su kusan duk na hagu ne, sukarin da yake ƙonawa na dama. Sinadarin da ke ba na'a-na'a ƙamshinta, tagwayensa na madubi wani ƙamshi dabam yake yi a hanci.

An biya wannan ilimi da tsada. A 1957 aka fara sayar da maganin talidomaid a Jamus ta Yamma, aka riƙa ba mata masu juna biyu don laulayi da rashin barci. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe da dama, hannuwansu ko ƙafafunsu ba su cika ba. Maganin yana da siffar dama da ta hagu, kuma bincike ya fi ɗora laifin kan ɗaya daga ciki. Amma ware su ba zai yi magani ba, domin a cikin jini kowace tana rikiɗa ta koma ɗayar. Tun daga 1992 hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora wa kamfanoni nazarin kowace siffa ita kaɗai.

Masana fiziks sun daɗe suna ganin cewa a can ƙasan halitta, a cikin ƙwayar zarra, babu ruwan doka da dama ko hagu. A 1956 wasu matasa biyu 'yan asalin Sin, Tsung-Dao Lee da Chen-Ning Yang, suka lura ba a taɓa gwada wannan a kan ƙarfin da ke sa wasu ƙwayoyin zarra ruɓewa ba. Chien-Shiung Wu ta jami'ar Columbia ta ɗauki aikin. Ta sanyaya sinadarin kobal-60 har kusa da iyakar sanyi, ta jera ƙwayoyinsa da maganaɗisu suka fuskanci waje ɗaya, ta ƙirga inda ilektiron ke fita. Da madubi ya yi gaskiya, da sun fita sama da ƙasa daidai wa daida. Sai suka fi fita ta gefe guda. An sanar da sakamakon a Janairun 1957, a shekarar kuma aka ba Lee da Yang kyautar Nobel. Ita da ta yi gwajin ba a sa sunanta ba, kuma wannan rashin adalci ne.

Yau kalmar da kishiyarta sun bazu. Likita yana duba fuskar mara lafiya ya ce masa ya yi murmushi. Idan baki ya karkace gefe ɗaya farat ɗaya, ko hannu ɗaya ya kasa ɗaguwa, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya asibiti ba jira. Masana tsaro suna kiran yaƙin sunƙuru yaƙi marar simetiri, saboda ƙarfi da dabarar ɓangarorin ba ɗaya ba ne. Masana tattalin arziki suna faɗin haka ga cinikin da mai sayarwa ya san aibin kaya mai saye bai sani ba. George Akerlof ya yi nazarin wannan a kasuwar tsofaffin motoci a 1970.

A ajinmu kuwa sau da yawa darasin yana tsayawa ne a ninke takarda, wato inda Perrault ya bar shi a 1673. Alhali kayan koyar da sauran suna jikinmu da ɗakunanmu. Dagin Arewa, idan aka zana shi da saƙarsa ta sama da ƙasa, za a juya shi rabin zagaye ya zauna yadda yake, amma a madubi duk zaren da ya bi ta sama sai ya koma ta ƙasa: yana da simetirin juyi, ba shi da ta madubi. Babbar riga mai aska takwas da gangan maɗinki ya tara nauyin aikin a ɓari guda wajen aljihu, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta yi kyau ba. Ina kira ga malaman lissafi su sa yara su zo aji da hula da faifai da ƙwarya mai zane, su juya, su kifa, su ƙirga. Ɗaliban jami'a kuma masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, su shiga kasuwar Kurmi da unguwannin Zariya da Damagaram da kyamara, su tattara zanen masaƙa da maɗinka da dukawa da magina, su gaya mana nawa ne cikin 7 ɗin nan da 17 ɗin nan hannun Bahaushe ya riga ya fitar.